Faifan da Inna ta Wanke da Toka

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona a kasuwar Kankiya, ko da maganin tsutsar awaki ya zo saye, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Kabiru, wai da gaske har Nijar ka tafi kai kiɗa?" 'Yan majalisarmu kuwa sun laƙaba mini Sarkin Jita, wato garayar Turawa. Na gaji da maimaita labari ɗaya, kuma kafin ya kai bakin tasha wani ya ƙara masa gishiri, har an fara cewa na yi rawa a gaban jandarma. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru. Ni ban yi rawa ba. Sabi'u ne ya yi, kuma zan zo wurin.

Babanmu, Alhaji Ɗahiru, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne a ƙuruciyarsa, yana jigilar gyaɗa da fatu tsakanin Kano da Maraɗi. Ni ban san shi a haka ba. Kafin in yi wayo ya ajiye tuƙi ya koma noma a garinmu Ƙofa, ta ƙasar Kusada. Mutum ne marar yawan magana. Abu ɗaya kawai yake yi da za ka ce ya taɓa yawon duniya: wani ɗan amo da yake rerawa da hanci, babu kalmomi, idan yana ba rago dusa ko yana gyaran ƙotar fartanya. A gidanmu ana ce wa amon nan "na Inna", don kowa ya san tarihinsa. Baba ne ya tsara shi da kansa a kan hanya, lokacin da yake neman aurenta. Idan ya fara, Inna takan ce, "Kai dai ba ka girma," amma ba ta taɓa tashi daga wurin ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni, tun da ni ne babba. Ya ce, "Akwai akwatin katako a cikin tsohon rumbu. Ba nawa ba ne. Na Lawali ne, mai gyaran rediyo a Maraɗi. Aro na yi. Ka maida mashi." Bai ƙara komai a kai ba.

Bayan an watse daga zaman makoki muka fito da akwatin. Faya-fayan garmaho ne a ciki, baƙaƙe, a jere a tsaye. Gara ta cinye kwalayensu da takardun da ke manne a tsakiyarsu, ba suna ba hoto. Guda ɗaya ne aka kwantar a sama, an naɗe shi da wani tsohon kallabi. Inna na ganinsa ta ce, "Wannan kallabin ai nawa ne. Har cigiya na yi."

Na tafi Kankiya in tambayi wani mai gyaran rediyo yadda ake ɗaukar irin kayan nan. Ya ce mini abu biyu: kada rana ta taɓa su, kuma kada a goge su da komai, don kiɗan yana cikin siraran layukan da ke jikinsu ne. Na dawo gida da la'asar na iske Inna a gindin rijiya, ta zuba toka a kan faifan kallabin tana dirza shi da soso, da ƙarfinta, yadda take wa tukunyar tuwo. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, Allah ya yafe mini. Ta ɗago tana mamaki ta ce, "Yo ya za a maida ma mutum kayanshi da datti?" Da na yi mata bayani, sai soson ya faɗi daga hannunta. Gefe guda na faifan ya riga ya koma furu-furu.

Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. A kawo tuwo ta taɓa miya ta ture. Takan ce, "Amanar da babanku ya riƙe tun ba a haihe ku ba, ni na ɓata ta da hannuna. Kuma shi za a tambaya a lahira." Limamin unguwa ya zo ya ce mata kuskure ne, ba laifi a kanta. Ta saurare shi da ladabi, da ya fita ta ce ai liman ba shi ne mai kaya ba. Tana cikin takaba, ba ta da halin fita. Ta kira ni, ba da sunana ba, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, ta ce, "Kai, ka tahi ka hwaɗa mashi ni ce. Kada ka ɓoye. Abin da ya ce, ko mi ne ne, ka kawo mani."

Gaskiya ni ban ji ko ɗar ba. Mutumin da ya saba shawo kan makiyayi har ya yarda a tsira wa saniyarsa allura, tsoho ɗaya ba zai gagare shi ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, bakina ai shi ne jarina. Ta sa aka cika gefen akwatin da daddawa da ƙuli-ƙuli da yaji, don a wurinta ko kwano aka ara ba ya komawa gidan masu shi haka nan.

Abokin tafiyata Sabi'u ne, taubashina, ɗan Gwaggo Hasiya, dillalin dabbobi. Na ɗauke shi don ya san hanyar Maraɗi, shi kuma har yau cewa yake ya bi ni ne don kada bawansa ya ɓace. Tun a motar Katsina ya fara. Da muka isa tashar motocin Jibiya, kwandasta ya fizge akwatin zai ɗaure a saman mota, tsakanin buhunan masara, rana kuwa tana dukan ƙwalwa. Na ce ko kusa. Ya ce to ba wuri. Na ce akwai, cinyata. Haka na rungume shi kamar mai jego, Sabi'u yana gaya wa fasinjoji wai amarya na saya a kasuwa. Zafin mota ya tayar da daddawar Inna. Wata Hajiya da ke gefena ta toshe hanci da mayafi tana salati, tana tambaya ko wani abu ya mutu a ciki. Kafin mu kai Jibiya ita ce ke roƙon in sayar mata, wai irin ta Kusada ba a samunta a birni.

A kan iyaka aka ce in buɗe. Wani matashin ma'aikaci ya zaro faifai ɗaya yana jujjuya shi, ya ce wannan na'urar mece ce. Na ce kiɗa ne. Ya kara a kunne. Sabi'u ya ƙunshe dariya har ya ƙware. Sai wani babbansu mai furfura ya taso, ya karɓa da yatsu biyu ta gefe-gefe, a hankali, ya ce wa yaron nasa, "Ba a taɓa cikinsa." Ya ce mahaifinsa yana da irinsu. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya rufe akwatin da kansa ya ce Allah ya sauke nauyi. A ɗaya gefen, wajen Ɗan Isa, takardunmu kawai suka duba. Sun fi tsayawa a kan hoton Sabi'u, don a hoton yana da gashi.

Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bakatsine. Maganarsu tamu ce, sai dai sun fi mu jan ta, kuma kalmomin Faransanci suna faɗowa a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Makaranta lakwal ce, kwastan kuma duwan. Mun sauka a gidan wani abokin cinikin Sabi'u, Alhaji Ummaru, aka ba mu ɗakin zaure da tabarma da buta sabuwa. Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Sabi'u ya gatsa, dasashinsa ya yi jini, ya rantse na jiya ne. Mai gida ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta.

Neman Lawali ya ba mu wuya. Inda aka kwatanta mana shagonsa, wayoyi ake sayarwa. Muka koma da rana tsaka mu sake tambaya, muka iske layin gaba ɗaya a rufe. A can idan rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, abin da in ka yi a Kankiya za a ce ciwo gare ka ko ka karye. Sai da yamma wani tsohon tela ya ɗaga kai daga keke ya ce, "Lawali Jaz kuka nema? Ai idanunshi sun mutu, ɗiyatai ta ɗauke shi ta kai Yamai." Na ce yana raye? Ya ce, "Bara dai shina nan."

A nan ne na fara tsorata. Idan tsohon ya rasu, wa zai faɗi kalmar da Inna ke jira? Sabi'u ya ja ni gefe ya ce, "Mu bar ma telan nan akwatin, mu koma mu ce ya yahe. Wa zai sani?" Na ce Inna za ta sani tun ban gama sallama ba. Matar da take gane na sha fura a waje daga yadda na zauna? Telan ya aika gidan wata 'yar'uwarsu aka samo mana lambar ɗiyar. Na kira, wata murya mai kaifi ta ce yana nan da ransa, mu taho.

Hanyar Yamai doguwa ce, kada wanda ya ruɗe ku. Babbar bas muka shiga da sassafe, akwatin yana kan cinyata har ƙafafuna suka daina jin kansu. Abin da ya burge ni, direba yana tsayawa salla ba sai an yi masa ihu ba. Abin da ya gajiyar da ni, sauka da hawa wajen duba takardu. A Galmi albasa ce ko'ina, tuli-tuli a bakin hanya, Sabi'u ya so ya sayi buhu na hana shi, na ce daddawa ta ishe mu abin kunya. Mun wuce Ƙonni, mun wuce Dogon Dutsi, daga Doso kuma Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya karɓe motar. Sabi'u ya koyi gaisuwarsu guda, "fofo", ya riƙe ta da hannu biyu. A tambaye shi takarda, fofo. A taka masa ƙafa, fofo.

A Yamai abin da ya fara ɗaukar idona mata ne a kan babur, da hijabinsu da jakarsu, suna kutsawa cikin motoci ba wanda ya waiwaya. Ɗiyar tsohon, Zuwaira, ma'aikaciyar jinya ce, ita ma a kan babur ta zo tasha ta yi mana jagora. Mijinta Sumana jandarma ne, Bazabarme, ƙato, mai sanyin hali, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Suka ba mu ɗakin baƙi har da fanka.

Baba Lawali yana zaune a baranda a kujerar roba, siriri, da baƙin tabarau da 'yar hula, yatsunsa zara-zara. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ɗan Ɗahiru ne na Kusada.

"Ɗahiru direba?" ya ce. "Wanda ya gudu mani da faya-fayai? Ina ɗan banzan yake?" Yana dariya har da buga gwiwa.

Na ce Allah ya yi masa rasuwa.

Dariyar ta tsaya. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa muka shafa. Na fara cewa akwai magana, ya ce ba a gidansa ba, baƙo ba ya magana da yunwa. Aka kawo dambu da zogale da soyayyen kifi daga kogi. Sannan Sumana ya zauna dafa shayi a ɗan gawayi, a 'yan kofuna kamar na awon magani, zagaye uku, na farko da ɗaci kamar maɗaci. Mu da muka saba da kofin da za ka wanke fuska a ciki, Sabi'u ya shanye nasa ya miƙa hannu yana jiran shayin gaske.

Washegari da hantsi aka fito da garmahonsa, wanda surukin ke kula masa da shi. Tsohon ya buɗe akwatin, ya shinshina, ya ce, "Wannan daddawar Katsina ce, Allah shi yi ma wadda ta aiko albarka." Faifan kallabin na riga na mayar da shi can ƙarshe. Ba ɓoyewa na yi ba, na dai ce a fara da masu lafiya, zuciyarsa ta yi laushi. Dabarar ciniki ce.

Yana ɗaukar kowane faifai ya shafa shi da tsumma mai laushi, yana bin layukan a zagaye, Zuwaira ta ɗora allura. Wasu sun lanƙwashe, ya ajiye su gefe ba tare da ƙorafi ba. Na ce masa ni ban san kan wannan kiɗa ba. Ya ce, "Ka san hira a majalisa? A fara da gaisuwa, kowa ya san ta. Sannan kowa ya kawo tashi maganar, ɗaya bayan ɗaya, sauran suna cewa ƙwarai, haka ne. In an gama a koma ga gaisuwar a yi sallama. To shi ne jaz. Ka riƙe gaisuwar a kai, ba za ka ɓace ba." Ya ce baƙaƙen fatar Amurka ne suka fara shi, shi kuma ya kamu da na jita tun yana yaron wani mai gyaran rediyo da Turawa ke kai wa aiki.

Masu tambayata sunayen mawaƙan, ku yi haƙuri. Gara ta ci takardun, tsufa ya ci sauran. Waɗanda ya tuna ya faɗe su da bakin Faransanci, ban kama ko ɗaya ba. Amma duk ya sa musu sunan gida, kuma da shi zan ba ku shawara, don yanzu ni ma ina da ta cewa.

Ku fara da Mai Babban Yatsa. Baba Lawali ya ce mutumin ba ya amfani da ɗan robar da ake kaɗa jita da shi, da naman yatsansa yake taɓa tsirkiya. Sautin yana fitowa da kauri da taushi, ba ya tsinke maka kunne. Idan ka rufe shago ka gaji, shi ne naka. Na biyu a wurina Gwauro ne. Mutum ɗaya da jitarsa, ba ganga ba kowa, amma za ka rantse su uku ne. Tsohon ya ce ya sa masa sunan ne don shi ke tuwo, shi ke miya, shi ke wanke-wanke. Wannan yana son natsuwa, kada ka sa shi kana ciniki. Akwai 'Yan Tasha, wanda aka ɗauka a wani gidan cin abinci, kana jin ƙarar kofuna da tari da wani yana ihu don daɗi, jita tana musayar magana da wani abin kiɗa mai gurnani irin na coci. Shi ban so shi da farko ba, sai da aka maimaita.

Sai Zomo. Jita biyu ko uku suna gudu, da goge irin na Turawa yana bin su a guje. Allura na sauka Sabi'u ya ce, "Kai, wannan ai namu ne!" Ya miƙe, ya tattare babbar riga, ya shiga taka rawar goge a tsakar gidan mutane, Sumana jandarma yana tafa masa, Zuwaira ta dafe bango don dariya. To ga asalin maganar rawa a gaban jandarma. Duk wanda ya ce ni ne, ya zo mu haɗu da Sabi'u.

Da aka kira azahar tsohon ya sa aka ɗage allura a tsakiyar kiɗa, muka yi salla. Muna dawowa ya sa hannu a akwatin ya taɓo kallabin. Sabi'u ya zungure ni da gwiwar hannu.

Tun daga Kankiya nake shirya jawabin nan. Na tsara yadda zan fara da zumunci, in bi da tsufan Inna, in rufe da ƙaddara. Ko kalma ɗaya ban samu ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, wannan Innarmu ta wanke shi. Ta ce in gaya maka ita ce. Ta daina cin abinci."

Ya warware kallabin, ya ɗora yatsunsa a kan gefen da ya yi furu-furu. Ya shafa daga baki zuwa tsakiya. Fuskarsa ta canza, na ga tsokar kumatunsa tana motsi.

"Da mi?"

"Da toka."

"Da soso?"

"Da soso, Baba."

Ya juya ɗaya gefen ya shafa, ya sake juyowa. Ya ce a hankali, "Duk cikin akwatin ga, wanga ne na yi kewa. Na neme shi har Kwatano ban samu ba." Ni dai fuskar Inna kawai nake gani a gindin rijiya. Can ya miƙa wa Zuwaira ya ce ta sa, gefen da aka wanke.

Da farko ba ka jin komai sai shuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Allura ta yi tsalle, Sumana ya ɗora mata ɗan ƙarfe ta zauna. Sai can ƙarƙashin ruwan, nesa, jita ta fara tafiya a hankali, ita da wani abu mai kaurin murya yana taka mata baya. Kafin ta kai ƙarshen layin farko na miƙe tsaye ban sani ba. Na Inna ne. Amon Baba ne, da hawansa da saukarsa, har da ɗan wurin da yake jinkirtawa kamar zai yi tuntuɓe. Na ji warin dusa da rago a hancina. Hawaye suka zubo mini a gaban surukin mutane, ban kuma ji kunya ba.

Sabi'u ya ce, "Innalillahi. Ashe Kawu sata ya yi."

Baba Lawali ya ce me muke nufi. Na gaya masa. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce. Ya ce, "Yanzu na gane! Ya zo mani ya ce akwai wata yarinya a Ƙofa, masu nemanta da yawa, wani da shanu wani da keke, shi ba ya da komi sai motar mutane. Ya ce in ara mashi akwatin, akwai mai garmaho a tasharsu, shi koyi abin da babu mai shi a garinsu. Duk zuwan da ya yi in ce ina kayana, shi ce bai gama koyo ba. Ashe tsoro yake kada in zo biki in tona shi."

Ya sa hannu ya ɗage allurar da kansa, ya naɗe faifan a kallabin, ya ɗora mini a cinya. Ya ce in kunna abin ɗaukar magana na wayata. Ya gyara hula kamar tana ganinsa, ya yi sallama, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Hajiya, ni ne Lawali mai kaya. Kayana sun iso. Na yahe ma Ɗahiru, na yahe maki, duniya da lahira. Faifan da kinka wanke kuwa naki ne, tun asali don ke ya bar gidana."

Sumana ya ɗaukar mini kiɗan faya-fayan a waya, ya kara ta a bakin garmahon. Da aka zo kan na kallabin na dakatar da shi. Na ce, "Baba, anya in sa mata wannan? Shekara da shekaru ta san shi ya tsara." Ya ce, "Matar da ta zauna da direba har tsufa ta fi ka sanin ƙaryarshi. Sa mata."

Dawowa ba ta da labari, sai dai cinyata ta huta, kuma Sabi'u ya sayi albasarsa a Galmi. Daga Kankiya ban tsaya shago ba, na hau babur zuwa Ƙofa. Na iske Inna a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta rame har wuyanta ya fito, ga kwanon tuwo a rufe a gefe. Ba ta tambaye ni hanya ba. Ta ce, "Mi ya ce?"

Na zauna na kunna mata muryar tsohon. Ta saurara da tasbaha a hannu. Da ya kai wurin yafiya ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Ta ce in maimaita, na maimaita. Sai ta ce, "Mi yake nufi don ni ya bar gidanshi?"

Na ajiye kallabin a gabanta, na kunna kiɗan faifan a waya.

Ruwan saman nan ya fara zuba. Ta ɓata fuska ta ce wannan ai ɓarnar da ta yi ce. Na ce ta dai saurara. Jitar ta fito daga ƙarƙashi. Na ga yatsunta sun tsaya a kan tasbaha. Ta karkata kai, leɓɓanta suna bin amon, ta riga shi isa wurin tuntuɓen nan. Da ya ƙare ta ɗago ta tambaye ni.

"Wane ne ke kaɗawa?"

Na ce wani mutumin Amurka ne, tun kafin Baba ya san hanyar Maraɗi.

Ta dube ni, ta dubi wayar. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin ya kwanta ciwo, hawaye suna bin kumatunta. Ta ce, "Kai, Alhaji! Wai a kan hanya ya zo mashi, yana tuna ni. Har da rantsuwa!" Ta share ido da bakin mayafi, ta jawo faifan ta ɗora a cinyarta tana gyara ƙullin kallabin.

Na ce, "Inna, ba ki ji haushi ba?"

Ta ce, "Haushin mi? Ko aro ne, ai don ni ya aro." Sannan ta buɗe kwanon tuwon ta leƙa, ta ce a ɗumama mata miya.